Tsinke biyar, saura huɗu

Talata, Agege. Sha ɗaya na dare ta gota.

Warin kifin da Iya mai gidanmu ke soyawa na sayarwa ne ya tashe ni yau, tun kafin ladanin masallacin layinmu ya buɗe baki. Shekara huɗu ina shaƙar hayaƙin nan ta tagar baya bai taɓa damuna ba, amma yau zuciyata ta tashi har sai da na zauna a bakin gado na dafe ƙirji. Kafin in idar da alwala na gama raɗa wa jariri suna a raina, na zaɓi atamfar fitar suna. Haka nake, Allah ya shirye ni.

A Janairu na karɓi allurar tazara ta ƙarshe, Depo, mai wata uku-uku. Afrilu ya kamata in koma, sai muka yi shawara da Abban Ummi na bari, tunda Ummi ta cika shekara uku har ta shiga makaranta. Nas ɗin asibitin unguwa ba ta ɓoye mini komai ba ranar da na je sanar da ita. Ta ce allura ba kamar ƙwaya ko ashanar hannu ba ce, da mace kan iya ɗaukar ciki cikin makonni bayan ta bari. Ita allura jan ƙafa take yi kafin ta saki jiki: wajen wata goma daga ta ƙarshe shi ne tsaka-tsaki, wasu har su haura shekara, kuma ba wai ta ɓata mahaifa ba ne. Na ce mata to. Kunnena ne ya ji, zuciyata tana can tana nata lissafin.

Da can ni mace ce mai tsayayyen wata. Kwana 28, in ya yi yawa 29, sai kwana biyar ba na sallah, shi ke nan. Allura ta zo ta ɗauke jinin kusan shekara biyu. Ya dawo a Yuli, ya sake leƙowa ƙarshen Agusta, tsakaninsu kwana 47. A tsakiyar nan kuma ga ɗigo-ɗigon da ya sa na ishi malamarmu ta Islamiyya da tambayar in yi sallah ko in dakata, har ta fara murmushi in ta hango ni na nufo ta bayan an tashi.

Wajen takwas Hajiyar Abban Ummi ta bugo daga Funtuwa. Bayan gaisuwa da tambayar takwararta, sai ta ce, “To ya jikin naku? Ba wani labari?” Na ce lafiya lau Hajiya, sai alheri. Ta ce Allah ya kawo. Ba da faɗa take yi ba, mace ce mai kawaici, amma duk Talatar duniya sai na ji wannan “ba wani labari”. Ina ajiye waya na jawo hijabi.

Akwai kemis a bakin layinmu, taku talatin daga ƙofar gida. Ban je ba. Yaron shagon ya san kowa, bencinsa kuma majalisa ce. In na sayi tsinken gwajin ciki da hantsi, kafin la'asar matan gidan Alhaji na kusurwa sun fara yi mini kallon ƙasan ido. Mu da ake ɓoye ciki har sai zani ya tona asiri, ina ni ina tallar abin da ban ma tabbatar ba? Na kai Ummi makaranta, na hau keke zuwa Pen Cinema, daga nan danfo zuwa Ikeja. Ruwa aka yi da asuba, hanya ta cushe, kwandasta na rataye a ƙofa yana ihu, ni kuma duk ramin da muka faɗa sai in dafe mara kamar akwai abin da nake tarewa.

Babban kantin magani na shiga, mai sanyin na'ura, inda ba wanda ya san sunan mijina. Iri uku na tarar a jere. Ga siririn tsinke a cikin leda mai ƙyalli, wanda ake tsomawa a fitsari. Ga na roba mai ɗan rami, da ake ɗiga masa fitsari da ɗan matsi. Ga kuma manya masu kamar alƙalami a cikin kwali, Clearblue, wani har da ɗan allo da zai rubuta miki amsa ƙarara ba sai kin ƙura wa layi ido ba. Idona ya maƙale a kan wanda aka rubuta wa cewa yana iya gano ciki kwana 6 kafin ɓatan wata. Na ɗauka na riƙe gam. Kuɗinsa ya isa ya sayi siraran nan sama da ashirin, amma na riga na ce a raina ko kuɗin cefanen mako ne zan ba da.

Mai ba da maganin Bayarabiya ce, za ta girme ni da kamar shekara goma. Da ta ji ina waya da Hausa sai ta washe baki, ashe a Gusau ta yi bautar ƙasa. Hausarta a karye take amma tana isar da saƙo. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, “Hajiya, yaushe kike jiran al'ada?”

Na buɗe baki, na rufe.

Wallahi ban sani ba. In na bi tsohon lissafina, saura mako guda. In na bi na kwana 47, saura kusan wata. In kuma jikin ya ga dama ya sake sabon salo, sai yadda ta yiwu. Kwana shida kafin wace rana ke nan? Duk alƙawarin da ke jikin kwalin an rataye shi ne a kan ranar da ni ba ni da ita.

Na gaya mata batun allura. Ta karɓi kwalin daga hannuna a hankali, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro, ta juya bayansa ta nuna mini wata 'yar lamba. Ta ce duk tsinken nan, mai araha da mai tsada, abu ɗaya suke nema a fitsari, wani sinadari da ake kira hCG. Jiki ba ya fara yin sa sai ƙwan da aka yi wa baye ya sauka ya manne a mahaifa, wato kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Kafin nan ko na zinare kika tsoma, layi ɗaya za ki gani. Bambancinsu kawai ƙarfin ji ne. Yawancin siraran an rubuta musu 25, wannan babban 10, kuma ƙaramar lamba ita ce mai saurin ji. Amma a farkon ciki sinadarin ninka kansa yake yi duk kwana biyu zuwa uku. Ta ɗauki biro ta rubuta a bayan wani rasit: 10, 20, 40. Ta ce, “Kin gani? Kwana uku ko huɗu kike saye da wannan kuɗi.”

Wannan rasit ɗin yana nan gabana yanzu. Ban san me ya sa lambobi uku suka fi duk nasihar da aka yi mini tun Afrilu shiga kaina ba.

Sai ta tambaye ni abin da ya sa na sunkuyar da kai na kama gyaran hijabi. Na ce maigida ya yi tafiya tun Juma'ar waccan, yau kwana goma sha ɗaya, ya bi ta gida zai wuce Potiskum ɗauko shanu. Ta ce madalla, ai ga ranar da zan riƙe nan. Macen da watanta ba shi da tsari ba ɓatan wata take jira ba, kwana 21 take ƙirgawa daga haɗuwa ta ƙarshe, don ƙwayar namiji kan yi har kwana biyar a jiki tana jiran ƙwai, sannan a ƙara kwanakin mannewa da na taruwar sinadarin. Ranar nan ko tsinke mafi araha zai faɗi gaskiya, in dai da fitsarin farko na asuba aka yi. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin hijabi. Juma'ar makon gobe. Kwana goma cur.

Na tambaye ta ko ragowar allurar da ke jikina za ta iya rikita gwajin. Ta ce a'a, babu hCG a cikin allura ko ƙwayar tazara, ba sa jawo layi na biyu kuma ba sa ɓoye shi. Abin da suke rikitawa ni ce. Tashin zuciya, nauyin ƙirji, kasala, duk jikin da ke komawa saitinsa yakan yi su ba tare da ciki ba. Ta kuma faɗi wata magana da ta tsaya mini a wuya: gwajin wuri-wuri yakan nuna cikin da ba zai zauna ba, wanda zai bi jini bayan 'yan kwanaki, wanda da ba a gwada ba sai a ɗauka al'ada ce ta yi jinkiri. Ta ce wasu sun fi son su sani duk da haka. Ni dai na san kaina, da na ga layi biyu yau, gobe kuka zan yi kamar na binne ɗa. Ta ce in abin ya ci tura akwai gwajin jini a ɗakin awo, shi ya fi kowane tsinke saurin ganowa.

Duk da haka sai da na sake kallon babban kwalin sau biyu. Yana da kyau, kuma ba zan ce yaudara ba ne. Ga macen da ta san ranarta daram, yana da amfaninsa. A ƙarshe sirara biyar na saya. Ta sa na duba da idona: lambar rajistar hukumar kula da magunguna ta NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da cewa ledar ba ta huje ba. Ta ce kar in saya a tiren da ya wuni a rana a bakin tasha, zafin da ya wuce digiri 30 yana lalata su, Legas kuwa ba sai an faɗa ba. Ta haɗa mini da folik asid, maikrogiram 400 kullum, ta ce tun kafin ciki ya shiga ake fara shi, don lakar bayan jariri tana haɗuwa ne cikin makonnin farko, lokacin da uwa ba ta ma san tana da shi ba. Wata biyar ina jiran ciki ban sha ko ƙwaya ɗaya ba. Na ji kunya.

Na dawo gida da niyya mai kyau. Niyyar ta kai har ƙarfe uku.

Ummi na barci, wuta ta ɗauke, na sha ruwan leda biyu saboda zafi, wato na yi daidai abin da aka ce kar in yi, don ruwa yana tsinka fitsari. Na yanke gindin gorar ruwa na shiga banɗaki na sa sakata. Na tsoma tsinken, ina kula kar ya wuce layin da aka shata, na ƙirga goma, na kwantar da shi a kan murfin bokiti. Na ga danshi yana hawa a hankali, ja-ja, ya wuce wurin da nake so ya tsaya bai tsaya ba, ya je can sama ya zana layi ɗaya ƙato. Na saita minti biyar a waya. Iya tana tsakar gida tana faɗa da jikanta da Yarabanci, ni ina tsugune ina kallon farin fili kamar mai duban watan Sallah.

Layi ɗaya. Na naɗe a takarda na jefa a kwandon shara.

Bayan la'asar na koma na tono shi. Eh, na tono. Na kai shi bakin taga, na karkata shi, sai ga wata inuwa siririya, toka-toka, daidai inda layi na biyu ke fitowa. Hannuna na rawa na ɗauki hoto na tura wa Yaya a Kaduna. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira.

“Ke, tun yaushe kika yi shi?”

Na ce tun ƙarfe uku.

“To shatin bushewar fitsari kike nuna mini. Ba ki karanta ledar ba? Bayan minti goma ba a duba shi. Na gaskiya launi gare shi, ko da dishi-dishi ne. Yar da abin nan ki wanke hannu.” Sai ta kwashe da dariya ta ce ita ma kafin na ukunta har fitilar waya ta riƙa haska wa tsinke a cikin bargo. Ta ce, “Sauri ya haifi nawa, ƙanwata. Ke kuma ba nawa kike son haifa ba.”

Abban Ummi ya kira bayan isha'i, gobe Laraba kasuwar shanu ke ci, yana sa ran lodi jibi. Ya ce ya ji na je Ikeja. Ban tambayi wa ya gaya masa ba, Agege ce. Na ce maganin ƙarin jini na sayo. Ya ce Allah ya ƙara lafiya. Ba ƙarya na yi ba, rabi na faɗa.

Na sha folik asid ɗina na farko. Sauran tsinke huɗun na sa su a gwangwanin alawa, na tura ƙasan akwatin lefe ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba, na ɗora akwatin Ummi a kai, don kafin in sauke duka wataƙila hankalina ya dawo. Na zagaye Juma'ar makon gobe a kalandar bango ban rubuta komai a ciki ba. Ina jiyo Iya tana wanke kifin gobe a bakin famfo. Bari in tashi in rufe tagar baya.