Wasiƙa daga Lima: mawaƙin da ya ɗaura igiya a ƙugu

'Yan uwana na gida, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da iyali baki ɗaya.

Daga Lima nake rubuto muku, babban birnin Peru. A tsakiyar gari akwai wata tsohuwar majami'a mai fentin rawaya, San Francisco, farfajiyarta cike da tattabaru. A nan aka naɗa José Mojica fada a 1947, kuma tun da na ji labarinsa ya ƙi fita raina.

Ɗan Meziko ne, mawaƙin opera. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganar cikinsa, ba makirufo, sai dai murya ta keta kayan kiɗa ta isa kujerar ƙarshe. Mojica ya yi shekaru a dandalin Shikago ta Amurka, yana cikin waɗanda suka fara rera wata opera ta Prokofiev, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, a 1921. Daga nan Hollywood ta ɗauke shi yin fina-finai. Kuɗi suka zo, suna ya zo, ya yi katafaren gida a garin San Miguel de Allende da ke Meziko.

Sai mahaifiyarsa ta rasu a 1940. Wanda ya taɓa rasa uwa ya san yadda duniya ke fita ran mutum. A 1942, ya haura arba'in, ya rabu da dukiyarsa ya tafi Kusko, can kan tsaunukan Peru, ya zama ɗalibi a ɗariƙar Faransiskan ta 'yan Katolika. Ina ganin irinsu a nan kullum: doguwar riga ruwan ƙasa, takalmi fade, farar igiya a ƙugu mai ƙulli uku, na talauci, na rashin aure, na biyayya.

Ni Musulmi ne, hanyarmu daban, amma wannan mutum ya burge ni ƙwarai. A gida idan mawaƙi ya koma ga addini mukan ce ya tuba, mu sa ran ya yi shiru har abada. Mojica ya bar kuɗi da tafin 'yan kallo, amma bai tsine wa muryarsa ba. Ya ci gaba da hawa dandali cikin rigarsa yana tara wa ɗariƙarsa gudummawa, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa, aka mayar da shi fim a 1959.

Da tsufa ya kama shi, kunnensa ya mutu. A nan Lima ya rasu, a 1974.

Ku gaishe mini da kowa da kowa.

Naku a Lima.