Takardar haraji da ta kwana 19 a cikin aljihun babbar riga

Wata Talata ce, lokacin da zafin Garwa ta ƙasar Kamaru ke hana barcin rana, aka kawo mini ambulan daga ofishin haraji, na sa hannu na karɓa. Faransanci shafi uku, a ƙasa an rubuta sefa jaka 412, wato dubu 412. Gabana ya faɗi. Na ninke ta na cusa a aljihun rigar da nake zuwa Juma'a da ita, kamar idan ban kalle ta ba za ta haƙura.

Shaguna biyu mahaifinmu ya bar mana, ni ke karɓar hayarsu, kuma a kan kuɗin hayar nan ake neman harajin kuɗin shiga, wanda a takarda suke rubutawa IRPP.

Sai da ta kwana 19 na nuna wa Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa 'yan kasuwa lissafi. Bai ko dubi adadin ba. Kan takardar ya duba, ya ce, "Yaushe ka sa hannu?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, saura maka kwana 11, ɗana. Allah ya taimake ka ba AMR ba ce."

A nan na san takardun iri biyu ne. Tawa "notification de redressement" ce: suna gaya maka abin da suke ganin ya kamata ka biya da dalilinsu, kana da kwana 30 ka mayar da amsa a rubuce. Ka yi shiru, an ɗauka ka yarda. Bayanta ne AMR ke zuwa, wato "avis de mise en recouvrement", ita kuwa bashi ce tabbatacciya, idan ba ka biya ba sai tara da rufe asusun banki.

Muka zauna da fitila muka bi lissafin layi-layi. Laifin ma daga gidanmu ya fito. Yaron da na sa ya cika mini bayanin shekara ta intanet ya rubuta hayar wata 12 a kowane shago, alhali ɗaya ya yi wata 5 a kulle. Ɗayan kuma kamfani ne ke ciki, kowane wata yana cire harajin haya kafin ya ba ni kuɗina, ni ko ban taɓa neman takardar shaidar cirewar ba. Na riƙa gunaguni kawai cewa kuɗin ba sa cika. Akwai kuma kashi 10 cikin 100 na harajin da ake ɗorawa don ƙananan hukumomi, CAC. Na zaci ƙari ne aka yi mini, Baffa ya ce kowa na biya.

Karɓo shaidar nan daga kamfanin ya ci mini kwana huɗu da man babur. Muka rubuta amsa shafi ɗaya, da lambata ta mai biyan haraji, wato NIU, a sama, muka haɗa yarjejeniyar haya da rasitai. Baffa ya nace in kai kofi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya in dawo da shi. Wani a bakin ƙofa ya ce in ba shi jaka 50 ya "gyara" maganar. Na ce masa na gode.

Da sabon lissafi ya fito, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na adadin farko ba. Na biya ta waya da Orange Money, na buga rasitin, Baffa ya karɓe shi ya ce a wurinsa zai zauna, bai yarda da aljihuna ba.