Tarihin rayuwata, kashi na 9: Hoton da Baffa ya ƙona

Makon jiya na yi alkawarin labarin aurena, amma ku yi haƙuri. Maganar hoton nan ta sake taso mini, in ban amayar da ita ba, ba zan iya wucewa gaba ba.

Hoto ɗaya tak Inna ta ɗauka a duniya. A wani sutudiyo na Sabon Gari aka yi shi tun ba a haife ni ba, tana zaune gaban labule mai furanni, hannunta a kan rediyon mai sutudiyon. Rediyon nake iya tunawa, fuskar ta ɓace mini. Ta rasu shekarar da Abacha ya rasu, 1998, ina 'yar shekara 6. Ranar sadakar bakwai ana haɗa kayan ɗakinta, Baffa ya zaro hoton daga bayan jeren kwalla, ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoto, ya cilla shi murhun da ake toya wainar sadaka. Ina tsaye. Wannan Baffan dai da hotonsa na Makka ke rataye a zaurensa har gobe, cikin gilashi, ana goge masa ƙura.

Kaka, Allah ya ji ƙanta, ba ta da magana sai "gani ya kori ji". Ko tsadar kayan miya aka kawo mata, sai ta ce gani ya kori ji. In na dame ta da tambayar kamannin Inna, sai ta tura mini madubi. "Ke kishiyata, duba nan mana, gani ya kori ji." Haushi nake ji, don ni ji kawai aka bar mini.

Sai da na je Jami'ar Ahmadu Bello karatun zane-zane wani malaminmu ya nuna mana aikin wani mai ɗaukar hoto, Samuel Fosso. An haife shi a Kamaru a 1962, ya tashi a ƙasar Ibo, bayan yaƙin Biyafara kawunsa ya ɗauke shi zuwa Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe sutudiyonsa. In ya wuni ɗaukar mutane fim ya yi saura, da dare sai ya caɓa ado ya ɗauki kansa, ya aika wa kakarsa a Najeriya ta ga yana nan lafiya. Duniya ba ta san shi ba sai a 1994, a taron masu hoton Afirka na farko da aka yi a Bamako. Daga baya har shigar Mandela da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka, ya riƙa yi yana ɗaukar kansa. 'Yan ajinmu suna ta dariyar wandonsa mai faɗin ƙafa, ni kuwa madubin Kaka ne ya faɗo mini.

Hutun farko na buɗe adakar Inna. Atamfarta biyu suna nan da warin kafur, da ɗankwali, da tandun kwalli. Na ari jeren kwalla a maƙwabta, na rataya labule, na samo tsohon rediyo a Kurmi. Na kafa kyamara, in danna, in ruga in zauna cikin daƙiƙa 10. Na fi sau talatin ina yi, wani zanin ya kwance, wani na fito ina haki. Ɗaya na zaɓa na kai wanki.

Gwaggo babba na fara kai wa. Ta juya shi, ta ce, "Kin yi ƙoƙari 'yata, amma marigayiya ba ta ɗaurin nan, nata gaba yake sauka har gira." Na sake ɗauka. Gwaggo ƙarama ta ce a'a, ai baya take ture shi, kuma ba ta taɓa kallon mutum ido cikin ido haka ba. Ƙanwar Inna ta fashe da kuka, ta share hawaye, ta ce hancin ba nata ba ne, na gidan ubana ne. Da Kaka na raye da na ce mata, to ga gani, ya kasa korar ji.

Aikin yanzu ya kai hoto 14, kowanne da ɗaurin da wata ta rantse shi ne na Inna. Da na baje su a Legas wata Baturiya ta tambaye ni wanne ne ainihin mahaifiyata, na ce ta zaɓa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ranar nan Baffa bai jefa hoton nan take ba. Sai da ya tsaya bakin murhu ya ƙura masa ido, ya daɗe. Duk gidan shi ne na ƙarshe da ya ga fuskar, kuma ƙwaƙwalwarsa garau take, har bashin goro na shekara ashirin yana tunawa. Da sallar da ta wuce na je gaishe shi, na durƙusa, ya ce, "Ke ce aka ce kina yawo da kyamara?" Na ce ni ce, Baffa. Hotunan suna cikin jakata, ban fito da su ba.

Maganar aure sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.