Filtar rediyo da maƙwabci mai ƙarfin sigina: abin da aiki ya koyar

Duk wanda ya zauna gaban rediyon masu sha'awa a ranar gasa, a zangon MHz 14, ya san yadda abin yake. Kana lallaɓa wata murya mai rauni, sai wata tasha da ke kHz 2 a gefenka ta buɗe baki, komai ya dusashe. Nan take hannu zai kai ga matse filta, wato ƙofar da ke barin wani faɗi na mita kawai ya wuce. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma ko gezau. Gane dalilin wannan bambanci shi ne darasin da ya fi daɗewa kafin ya zauna a kai.

Maganar faɗi ba ta da wuya. Muryar SSB (salon aika murya mai ɗan faɗi) tana son ƙofa ta kusan kHz 2.4, AM tana son kHz 6, saƙon Mos (na ɗigo da layi) kuwa Hz 500 ko 250 sun ishe shi. Saukowa daga Hz 2400 zuwa 500 yana rage hayaniya da kusan dB 7 (desibel, ma'aunin raguwa ko ƙaruwar ƙarfi), wato ɗan fiye da maki ɗaya a ma'aunin S, allurar da ke nuna ƙarfin sigina daga S1 zuwa S9. Sai dai lambar da ke jikin filta an auna ta ne a inda sigina ta ragu da dB 6 kacal, don haka ba ta gaya maka yadda za ta yi da maƙwabci ba. Abin dubawa shi ne faɗinta a dB 60 ƙasa. Filtar kiristal mai kHz 2.4 a sama da 4.3 a ƙasa, gangarenta a tsaye yake, ninki 1.8. Wadda ta baje zuwa 7.2 a ƙasa, ninki 3 ke nan, ƙofa ce a rufe amma da taga a buɗe. Kuma ko dB 60 ɗin ba wani abin alfahari ba ne: tashar da ke bugawa dB 40 sama da S9, in ka rage mata 60, tana nan tsakanin S5 da S6, alhali wanda kake nema yana S3.

Babban darasin shi ne wurin da filtar take zaune. Sigina tana bin eriya ta shiga amfilifayar farko, ta wuce miksa (mai sauya mata mita), sannan ta riski filtar farko da ake kira filtar rufi. Rediyoyi da yawa suna ɗaga mita zuwa wajen MHz 70, su sa rufi mai faɗin kHz 15. Duk abin da ke cikin wannan faɗin yana dukan amfilifaya da miksa ta biyu da dukkan ƙarfinsa kafin ya kai ga siririyar filtar ƙarshe. A ce akwai tashoshi biyu masu ƙarfi a MHz 14.020 da 14.022. In suka fi ƙarfin miksa, sai ta haifi siginar ƙarya a 14.018 da 14.024. Idan kana saurare a 14.024, an haifi ɓarnar ce a cikin ƙofarka, filtar Hz 250 ma ba abin da za ta yi mata. Shi ya sa rediyon Elecraft K3 ya sauko da mita zuwa MHz 8.215, inda ake iya sa rufin kiristal mai ƙunci har Hz 200, shi ya sa kuma gwajin ingancin rediyo da ake yi da sigina biyu masu tazarar kHz 2 ya fi na kHz 20 faɗin gaskiya.

Gwajin gano ko a cikin rediyonka aka haifi ɓarnar bai kai minti ɗaya ba. Kashe amfilifayar farko, kashe NB (maɓallin datse ƙarar tartsatsi), domin sigina mai ƙarfi tana ruɗa shi ya riƙa daddatsa sauti. Sannan danna ATT, maɓallin da ke rage ƙarfin sigina a bakin shiga. Kowane dB 1 da ka rage a bakin shiga yana rage siginar ƙarya da dB 3, don haka dB 10 zai kwantar da ita da 30. In hayaniyar ta ɓace, tashar da kake nema kuma tana nan, to laifin na rediyonka ne. In sun sauka tare, ko dai osiletarka (mai samar da mitar da miksa ke aiki da ita) ce ba ta da tsabta tana shafa wa maƙwabcin hayaniyarta, ko kuma shi ne yake fantsama saboda ya cika wa makirufo wuta. Wannan fantsamar ta riga ta faɗo cikin mitarka, maganinta ƙaura. A rediyon da ke mai da sigina lambobi kai tsaye, irin IC-7300, alamar OVF ce ke nuna an cika ma'auni, sai a rage RF (maɓallin ƙarfin karɓa) ko a sa ATT.

Sauran dabaru ne na yatsa. Kafin ka matse ƙofa, gwada gusar da ita da maɓallin IF SHIFT ko PBT, ka bai wa maƙwabci baya. Murya tana jure rasa ƙasan sautinta fiye da rasa samansa, inda baƙaƙe suke. Ga fito mai tsayawa wuri ɗaya, noci (filtar da ke cire sauti guda) na hannu ya fi na atomatik a rediyoyi da yawa, domin na atomatik yakan yi aiki ne bayan AGC, sashen da ke rage ƙarfin karɓa da kansa in sigina ta yi ƙarfi: kunnenka ya huta, amma allurar S tana sama, rediyon kuma ya kurmance. Filta mai ƙunci sosai tana amo kamar ƙararrawa, ɗigon Mos mai sauri ya manne da juna. A FT8 kuwa, salon aika saƙo ta kwamfuta, bar ƙofar a buɗe wajen kHz 3, kwamfuta ce ke rarrabe siginonin masu faɗin Hz 50.

Masu haɗa rediyo da hannunsu su kula da abu biyu. Filtar kiristal tana son a rufe bakinta biyu da adadin om (ma'aunin turjiyar lantarki) da aka ƙera ta da shi, in ba haka ba cikin ƙofar ya yi tudu da kwari. Sannan wayar shiga da ta fita kada su kusanci juna, domin sigina tana tsallake filtar ta iska, filtar da ya kamata ta ba da dB 80 ta tsaya a 50. Ɗan shingen tagulla a tsakaninsu, a liƙe shi da dalma a jikin ƙasan allo, yakan dawo da mafi yawan abin da aka rasa.