Garin katako ne ya riƙe min murhu, kaji da ɗan lambuna

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya bi sahu, gawayin ma da muke rainawa sai da ya koma sai an yi lissafi kafin a hura, ni kuma gida ne mai yara biyar ga dahuwar wake kusan kullum, kun dai san wake ba ya nuna da wasa. Yayana kafinta ne, a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano yake sayen kayan aikinsa, ran nan ya shigo ya tarar ina ƙirga sauran gawayin da ke buhu sai ya ce, "Auta, wai ke kin manta murhun da Inna take haɗawa lokacin wahalar kananzir zamanin Abacha?" Ni lokacin ina ƙarama sosai, hayaƙin kawai nake tunawa. Washegari sai ga shi da buhu biyu na garin katako a bayan mashin da wani tsohon bokitin fenti na ƙarfe.

Ga yadda ya nuna min. Za a huda bokitin ta gefe can ƙasa, rami daidai faɗin bakin kofin shayi, a tsayar da taɓarya ko fayif a tsakiya, a zuro wani itacen ta ramin gefen har ya taɓa gindin taɓaryar, sannan a riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan ana danne shi da ƙarfi har ya cika. Sai a zare taɓaryar da itacen a hankali, rami ya fito kenan daga ƙasa zuwa sama. Ta ramin ƙasan ake kunnawa da takarda ko siririn icce, iska na shiga ta nan wuta na fitowa ta sama, garin yana ci daga tsakiya zuwa gefe. Saman kuma a barbaɗa masa toka ko yashi dan kar wuta ta kama fuskar gaba ɗaya, a gitta rodi biyu a ɗora tukunya saboda in ta rufe bakin ruf wutar mutuwa take.

Ranar farko da na haɗa da kaina ramin rushewa ya yi, dan ban danna da kyau ba, da hannu kawai na dinga lallaɓa shi. Yanzu da guntun falanki nake kirɓa shi kamar mai daka. Na biyu kuma buhun ya kwana a tsakar gida yayyafi ya taɓa shi, wallahi hayaƙi har gidan maƙwabta, tun daga nan sai na shanya shi a rana ya bushe ƙarau. In ya haɗu da kyau a wajena bokiti ɗaya yana kai awa huɗu zuwa biyar yana ci, matsalarsa ɗaya ba a rage shi ba a kashe shi kamar gas, shi ya sa nake jera aikina, wake ya sauka tuwo ya hau, tuwo ya sauka ruwan wankan yara ya hau. Kuma dan Allah a tsakar gida, kar sanyi ya sa a ja shi ɗaki a rufe ƙofa, iskar da ke fita daga irin wutar nan ba ta da wari kuma tana kisa, daidai da ta gawayi.

Wani abu da Yaya ya ja min kunne a kai, ba kowane gari ake karɓa ba. Na afara, madaci, malaina, wato katako zalla, shi ne mai kyau. Amma wanda ya fito daga yankan fulawud da MDF, wato falankin da ake haɗawa da gam a masana'anta, ko katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, akwai gam da sinadarai a cikinsa, hayaƙinsa har yajin ido yake, ba na girki da shi, ba na zuba wa kaji, ba ya zuwa kusa da shukata. Shi ya sa na fi son na wajen masu injin tsaga katako akan sharar shagon masu kujeru da wadrob.

Daga baya na saro 'yan tsaki buroila hamsin, na shimfiɗa musu irin garin murhun nan mai laushi, ashe kuskure ne. 'Yan tsaki ba su bambance shi da abinci, suka dinga tsattsaga, cikin kwana huɗu na rasa uku, abin ya dame ni sosai dan da hannuna na zuba musu. Wata maƙwabciyarmu da ta daɗe tana kiwo ita ta ce min, "Maman Abba, ai ba wannan ake sa musu ba, mai fale-falen nan na injin goge katako za ki nema, kuma satin farko ki shimfiɗa takarda a kai." Haka nake yi yanzu, kaurinsa kamar yatsu huɗu, ina juya shi da safe, inda ya jiƙe a ƙarƙashin mazubin ruwa na kwashe nan take, dan jiƙaƙƙen shimfiɗa ne ke kawo warin nan mai hawa kai kuma a cikinsa cutar kashin jini take yaɗuwa. Wanda ya yi fumfuna kuwa ko kyauta ne ba na so, numfashinsu yake kamawa.

Sai lambu. Ina da 'yar kwanar alayyafo a bayan ɗaki, na cakuɗa ɗanyen garin da ƙasar ina ganin taki na zuba, bayan sati biyu ganyen ya koma ruwan ɗorawa ya daina girma. Wani malamin gona ne ya fahimtar da ni cewa ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da garin suna buƙatar naitirojin, sinadarin da shuka ma take girma da shi, shi kuma garin katako kusan ba shi da shi, sai su janye na cikin ƙasar su bar shuka da yunwa. Maganin kuma yana cikin kejina, kashin kaji cike yake da naitirojin. Yanzu in na kwashe shimfiɗar kajin sai na tara ta a lungu, na yayyafa ruwa ya yi damshi ba caɓa-caɓa ba, na rufe da buhu, duk sati biyu na juya, in kin sa hannu a ciki za ki ji zafi kamar an hura wuta. Wata uku zuwa huɗu ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasar damina, toh a nan ne ya zama taki. Ɗanyen kuma a saman ƙasa kawai nake shimfiɗa shi gindin yalo da barkono, yana riƙe danshi lokacin zafi, ban ruwana ya ragu.

Masu ƙanƙara ma da shi suke binne kayansu kar ya narke, makanikai su zuba kan baƙin mai ya tsotse, Yaya kuma yana kwaɓa mai laushin da gam ya toshe ramin ƙusa, in ya goge ba ka gane wajen.

Da can kwashewa kawai ake a ce an gode, yanzu masu kaji sun yi yawa sai an biya kuma sai an yi kamu da wuri. Na riga na ce wa Yaya ya tanadar min buhu goma kafin ruwa ya sauka, na share musu waje a zaure na jera bulo a ƙasa dan kar danshi ya taso musu.