Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Ranar da Bakina Ya Buɗe a Dajin Denali

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a rasuwar Inna, watan Nuwamban 2018. Ta cika a Katsina da hantsi, mu kuma a Minesota tsakar dare ne, kafin gari ya waye mana an riga an yi mata sutura an kai ta. Ban ga makararta ba. Ban yi kuka ba kuma, bakina ne kawai ya mutu. Ina zuwa aiki, ina girki, ina salla, amma maganata ba ta wuce "to" da "a'a". Haka na yi wata bakwai.

Yaya ya yi iya yinsa. Na gaya muku auren zumunci ne, ɗan wan Baba ne, shi ya sa har yau Yaya nake ce masa. Ya kai ni wurin likita, ya yi mini tofi, ya gayyato matan 'yan uwa su taya ni hira. Bayan ƙaramar salla ta 2019 ya shigo da takardu a hannu ya ce, "Ƙanwata, na ɗauki hutu. Ki haɗa kaya, za mu Alaska." Na ce to. Sai daga baya na san kuɗin da yake tarawa don canja mota ne ya zuba a tafiyar.

Mun sauka a Ankorej ranar 4 ga Yuli. Na cika akwati da rigunan sanyi, sai muka tarar da zafi. A ranar ma'aunin zafin garin ya kai digiri 32, abin da ba a taɓa gani a tarihinsa ba. Ga wanda ya tashi a bazarar Katsina wannan ba komai ba ne, amma mutanen garin a galabaice suke. Gobarar daji na ci a yankin Kenai da ke kudu, hayaƙi ya rufe sama kamar hazon hunturu, tsoron gobara kuma ya sa aka fasa wasan wutar da suke yi na bikin ranar 'yancin ƙasar. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare rana tana nan ba ta faɗi ba. Yaya ya je masallacin garin ya yi tambaya kan lokutan salla, aka ba shi jadawalin da suke bi, muka riƙa haɗawa da ƙasaru tunda matafiya ne.

Bayan kwana biyu muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Ya tashi bayan takwas na safe, bai sauke mu a Denali ba sai wajen la'asar. Yaya na ta karanto mini abin da ya haddace: Amurka ta sayi ƙasar nan daga hannun Rasha a 1867 kan dala miliyan 7.2, faɗinta ya kusa ninka Najeriya sau biyu, amma mutanenta ba su kai dubu 750 ba. Ina jinsa, ina kallon taga. Da muka zo gadar Hurricane Gulch, jirgin ya rage gudu a kan wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 90, na ga ya riƙe hannun kujera yana salati. Yaya na tsoron bisa tun muna yara, ko bishiyar mangwaron gidan kakanmu ba ya hawa. Na so in tuna masa, maganar ta zo har maƙogwaro ta koma.

Gandun dajin Denali ya kai kusan faɗin jihar Katsina baki ɗaya, kuma hanya ɗaya ce tal ta ratsa shi, mil 92, yawancinta ba kwalta. Motar gida ba ta wuce mil 15, daga nan sai bas ɗin gandun. Washegari da sassafe muka shiga wata koriyar bas mai zuwa cibiyar baƙi ta Eielson, a mil 66, tafiyar kusan awa takwas zuwa da dawowa. Direbar, wata dattijuwa, ta ce duk wanda ya hango dabba ya ɗaga murya ta tsaya, amma da zarar ta tsaya kowa ya yi tsit, kada dabbobin su saba da muryar mutane.

Wanda muka fara gani shi ne mus. Ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Dangin barewa ne, amma tsayinsa ya fi na doki, ga dogayen ƙafafu, ga leɓe irin na raƙumi, ƙahonsa kuma faffaɗa kamar an shimfiɗa faifai biyu. Yana tsaye cikin wani tafki yana cin ciyawar ruwa, ko kallonmu bai yi ba. Da muka ƙara hawa sai bishiyoyi suka ƙare ƙaf, ya rage fili shimfiɗe da gajerun tsirrai har iyakar ganin ido. Can saman duwatsu akwai wasu ɗigo-ɗigo farare, sai da Yaya ya miƙo mini madubin hangen nesa na ga ashe tumakin dutse ne, raguna masu murɗaɗɗen ƙaho kamar na layya. Direbar ta ce don kare su daga mafarauta aka kafa gandun a 1917. Mun ga karibu ma, shi ma dangin barewa ne, wani ya hau kan ragowar ƙanƙara ya tsaya cak don gudun ƙudaje da sauro. Sauron Alaska kuwa, Allah ya raba ku da shi, ta cikin riga yake cizo.

A Polychrome hanya ta tsuke a gefen dutse, babu shinge, ƙasa can nesa. Yaya ya rufe ido. Ni ce na kama hannunsa, ban ce komai ba.

Bayan mun wuce kogin Toklat wani yaro ya yi ihu, bas ta tsaya. Beyar ce, wata ƙatuwar dabbar dawa mai haɗari, irin wadda suke kira girizli, launinta kamar busasshiyar ciyawa, ga tozo a kafaɗa kamar na bijimi. Tana tona ramin kurege, tana watso ƙasa da duwatsu da hannu ɗaya kamar ba nauyi. Mun fi minti ashirin muna kallonta, mutum kusan arba'in, ba ka jin komai sai ƙarar kyamara. Dutsen Denali kansa, mai tsayin mita 6,190, wanda ya fi kowane dutse a Arewacin Amurka, ba mu gan shi ba ranar. Gajimare da hayaƙi sun lulluɓe shi. Direbar ta ce yawancin baƙi haka suke komawa gida ba su gan shi ba.

Abin da ya sa nake ba ku labarin tafiyar nan a rana ta uku ya faru.

Yaya ya ce yau da ƙafa za mu taka. Muka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun, wata matashiya ta yi mana bayani. Kada mu kusanci beyar ƙasa da yadi 300. In mun haɗu da ita kada mu gudu, domin gudu ne ke sa ta bi mutum. Mus kuwa in ya taso mana, mu ruga mu laɓe bayan bishiya. Ta nuna wa Yaya yadda ake zare makullin gwangwanin feshin barkono na korar beyar. Sannan ta ce abu mafi muhimmanci shi ne kada mu yi tafiya shiru. Beyar ba ta neman mutum, haɗarin shi ne a faɗo mata ba zato, musamman mai 'ya'ya. Ta ce ƙararrawar da baƙi ke ɗaurawa ba ta kai muryar ɗan Adam ba, mu yi ta magana da ƙarfi, musamman a bakin ruwa da cikin duhuwa. Na ga Yaya ya saci kallona.

Muka sauka a kogin Savage, inda kwalta ta ƙare. Hanyar ƙafa ce ta kusan mil biyu, a bi gefen kogi, a haye wata 'yar gada, a dawo ta ɗaya gefen. Da sauran safiya, babu kowa sai mu. Yaya ya fara magana shi kaɗai. Ya karanta Fatiha da ƙarfi, ya karanta ƙula'uzai, ya lissafo unguwannin Katsina, ya lissafo ƙofofin gari tun daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura. Ruwa na ƙara, iska na kaɗawa, muryarsa ta fara dishewa, dama hayaƙin ya kama masa maƙoshi tun a Ankorej. Muka iso wani wuri da ƙananan itatuwa suka yi duhu, sun fi mu tsayi, ba a ganin gaba. A bakin hanya ga kashin beyar, ɗanye.

Ya tsaya. Hannunsa na kan gwangwanin, yana rawa. Ya ce, "Ƙanwata, muryata ta tafi. Don Allah ki yi magana. Ko me ma ki faɗa."

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Sai na ji kaina na ce, da ƙarfi, "Inna ba ta son a sa mata sukari a koko."

Ya ce, "Haka ne. Ci gaba."

Na ce sai dai tsamiya ta ji, ta karya da ƙosan maƙwabciyarmu. Na ce ba ta taɓa duba agogo don salla ba, inuwar katangar tsakar gida take kallo, da tana nan da ta rasa yadda za ta yi da ranar da ba ta faɗuwa. Na ce ranar da zan taho Amurka ta ƙulle mini daddawa da kuka a tsohon ɗankwalinta, aka ƙwace daddawar a filin jirgi, ban taɓa gaya mata ba. Muna tafiya cikin duhuwar, ina ɗaga murya kamar mai talla. Na ce ta kira ni ana saura kwana biyu ta rasu, ina wurin aiki, na ce zan kira ta in na tashi, na dawo a gajiye na yi barci. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Yaya bai sani ba. A nan kukan ya zo, irin wanda ake yi a tsakar gida ranar mutuwa, mai fitowa tun daga ciki. Ban daina tafiya ba, ban daina magana ba, domin ba mu fita daga duhuwar ba tukuna.

Da muka fito fili, a kan gadar katako, Yaya ya zauna, ni ma na zauna. Fuskarsa jiƙe take. Ya ce da ragowar muryarsa, "Ni ta kira bayan ta kira ki. Ta ce kada in bari ki kira ta da daren nan, kin gaji, ki yi barci. Ta ce Allah ya yi miki albarka." Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tuntuni. Ya ce bai san abin da nake riƙe da shi ke nan ba, ya ɗauka ambatonta ma ba na so.

Ba mu ga beyar ba a ranar. Wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa ce kawai ta ratsa gabanmu da 'ya'yanta. Mun daɗe a kan gadar, muka yi wa Inna addu'a, na ci gurasar da ya ƙunso, na ce masa gishirin ƙwan ya yi yawa. Ya yi dariya har da tari.

Daren nan na zauna a bakin masauki ina jiran magariba, ba ta zo ba sai wajen sha biyu. A Katsina gari ya riga ya waye. Na ɗauki waya na kira Yaya Babba, wadda Inna ta cika a hannunta, wadda na yi wata bakwai ina gudun kiranta. Abin da ta faɗa mini game da saƙon da Inna ta bar mini a ƙasan adakarta, da tafiyarmu Seward inda muka shiga teku kallon kifayen nan masu girman bas, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.