Laimar kwaɗi da fargabar mutuwa

Mai ciwon daji da likita ya gaya masa cewa abin ya wuce magani, ba ciwon jiki kaɗai ke cinsa ba, akwai wata fargaba da ke hana shi barci, ya daina cin abinci, ko ƴaƴansa ya kasa yi musu hira, kuma sau da yawa ƙwayoyin ciwon damuwa na asibiti ba sa yi masa wani abin kirki. Wannan fargabar ce wasu likitoci a Amurka suka ce bari su gwada mata silosibin, sinadarin da ke cikin wata irin laimar kwaɗi mai sa mutum gane-gane.

A ƙarshen 2016 aka fitar da sakamakon bincike guda biyu, na jami'ar Johns Hopkins da masu kansa 51 ƙarƙashin Roland Griffiths, da na jami'ar New York da mutum 29. A na Hopkins ɗin, bayan wata shida wajen kashi 80 cikin 100 damuwarsu da fargabarsu sun ragu sosai, alhali sau ɗaya tak aka ba su silosibin ɗin mai yawa. Shi Griffiths ɗin ma daga baya kansar hanji ta kama shi, ya rasu a Oktoban 2023.

Na san mu nan da an ce abu yana sa gane-gane sai hankali ya tafi kan tramol da kodin da yaran da suka lalace, kuma ba laifinmu ba ne. Amma fa ba miƙa wa mutum ƙwaya ake yi a ce je ka gida ba. Sai an tantance shi tukuna, duk wanda ke da tarihin taɓin hankali a kansa ko a danginsa na kusa ba a ɗaukarsa, sannan a yi ta zama da shi ana hira kan rayuwarsa kafin ranar, ran da zai sha kuma a kwantar da shi a kan kujera a rufe masa ido a sa masa kiɗa a kunne, mutum biyu na zaune gefensa kusan yini guda, in ya firgita su riƙe masa hannu, washegari a sake zama a tattauna abin da ya gani.

Gaskiya ni nan ne shakkuna yake. Nawa ne aikin sinadarin, nawa ne aikin samun masu zama su saurare ka awa da awanni? Ga wata matsalar kuma, a gwajin magani ana so kar mutum ya san ko na gaske aka ba shi ko na bogi, to wanda bango ya fara motsi a idonsa ai ba sai an gaya masa ba. Wannan na cikin abin da aka yi ta ƙorafi a kai kafin hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa da MDMA, wani sinadarin daban mai juya hankali da aka gwada a matsayin magani, a 2024.

Tun 1970 dokar Amurka ta sa silosibin a jerin haramtattu, shi ya sa binciken ya kwanta shekara da shekaru. Kanada dai a 2020 ta ba wasu mutum huɗu masu kansar da ba ta warkewa izini na musamman su sha shi, Ostiraliya kuma daga Yulin 2023 ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su riƙa rubuta shi, amma ga ciwon damuwar da ya ƙi jin magani kawai.